Wuri ɗaya za mu, amma Waze da Google Maps sun raba mana hanya, wacce zan bi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ina da tambaya akan manhajojin nan na waya masu nuna hanya. Ni sana'ata tuƙi ce, ina kai wa mutane kaya da ƙaramar mota, kusan kullum ina kan titi. Ranar nan ni da ƙanena muka tashi daga wuri ɗaya kuma wuri ɗaya za mu, kowa da motarsa, ni na kunna Google Maps shi kuma Waze. Tawa ta ce in miƙe babban titi minti 38, tasa ta ce minti 34 ta dinga kurɗawa da shi lungu lungu ta cikin unguwanni. Ƙarshe dai kusan tare muka isa, ya ɗan riga ni kaɗan amma ya ce duk ya gaji da shan kwana. Kuma an ce min wai duk kamfani ɗaya ne yake da su. To me ya kawo bambancin, kuma wacce ta fi gaskiya? Sannan akwai abokina mai iPhone kullum sai ya ce min Apple Maps ta fi su duka, in koma can ne? Allah ya ƙara basira.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayar nan taka ta yi min daɗi sosai domin abin da ya faru tsakaninka da ƙanenka shi ne ainihin inda maganar take, kuma yawancin masu tuƙi suna ganin haka kullum amma basa tsayawa su tambaya.

Wanda ya faɗa maka kamfani ɗaya ne bai yi ƙarya ba. Waze a Isra'ila aka ƙirƙire ta, Google ya saye ta a 2013 akan kuɗi kusan dala biliyan 1, kuma a ƙarshen 2022 ma aka haɗe ma'aikatan Waze da na sashen taswirar Google wuri guda. Amma fa manhajojin har yau biyu ne, kowacce da taswirarta, kowacce da irin lissafinta. Suna ɗan ba juna labari, misali hatsarin da wani ya kai rahotonsa a Waze zaka iya ganinsa ya fito a Google Maps, amma wacce hanya za a ɗora ka, wannan kowacce ita take yanke nata hukuncin. Uba ɗaya ne, hali kowa da nasa.

Kafin ka gane bambancin sai ka fara gane yadda waya take kallon titi, don ba yadda kai kake kallonsa take yi ba. A wajenta gari gaba ɗaya gutsattsarin hanyoyi ne, daga wannan mahaɗa zuwa waccan gutsure ɗaya, daga waccan zuwa shataletale wani gutsuren, haka haka har miliyoyi. Kowane gutsure an rataya masa lamba, wato daƙiƙa nawa zai ci kafin a wuce shi. In ka danna inda za ka, aikin da ake yi kawai shi ne a nemo jerin gutsattsarin da in an tara lambobinsu za su fi kowanne ƙanƙanta. Dabarar yin wannan tsohuwa ce, ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, shi ya tsara ta a 1956 yana zaune a wani wurin shan kofi a Amsterdam, cikin kamar minti 20 ba takarda ba alƙalami, yana tunanin wace hanya ce mafi gajarta daga Rotterdam zuwa Groningen, sai a 1959 ya wallafa. Daga baya an yi ta gyara ta ana ƙara mata sauri, yanzu har ana lissafa manyan hanyoyi tun da wuri a ajiye, shi yasa kafin ka ɗauke yatsa amsa ta fito ko da tafiyar kilomita 1,000 ce. Toh kaga wannan ɓangaren duk kamfanonin sun iya shi, babu wanda ya fi wani a nan. Inda ake rabuwa shi ne lambar nan da aka rataya wa kowane gutsure, wa ya sa ta, da me ya auna, kuma me ya ƙara a kai.

Nan nake so ka tsaya da kyau. Lambar ba zallar lokaci ba ce, ana ƙara mata tara. Kowace kwana da za ka sha akwai tararta, tsallaka titi mai motoci suna tahowa akwai tasa, sauka daga babban titi zuwa ƙaramin layi akwai tasa, yutan, danja, hanyar da ba kwalta, duk kowanne da nauyin da aka ɗora masa, kuma nauyin nan sirrin kamfani ne, kowa ɓoye nasa yake. Bari in ƙirƙiro misali don ka ga yadda abin yake aiki, lambobin nawa ne ba na wani kamfani ba. A ce hanyar lungun da ƙanenka ya bi tana da kwana 12. Manhaja ɗaya ta ce kowace kwana daƙiƙa 5 ce, jimla minti 1. Ɗayar ta ce a'a, kwana a cikin unguwa sai ka rage gudu ka leƙa ka jira, ta sa daƙiƙa 20, jimla minti 4. Kaga titi ɗaya, motoci ɗaya, lokaci ɗaya, amma an samu ratar minti 3 daga ra'ayi kawai, kuma minti 3 ɗin nan ya isa ya sa ɗaya ta ce bi lungu ɗaya ta ce miƙe. Babu wacce ta yi maka ƙarya a ciki, abin da kowacce ta ɗauka da tsada ne ya bambanta.

A yadda na daɗe ina gwada su, Waze ita ce mai zafin nama. An gina ta ne don mai mota da yake bin hanyar da ya riga ya sani kullum, ba nuna masa gari yake so a yi ba, so yake a fitar da shi daga gosulo, shi yasa in ta hango za ta rage maka minti 2 bata jin nauyin ta karkatar da kai ta layi bakwai, kuma tana saurin canza shawara a tsakiyar tafiya. Google Maps ta fi nutsuwa, tana son hanya mai sauƙin bi, sai ribar ta yi kauri kafin ta sauke ka daga babban titi, kuma sau da yawa tambayarka take yi ko kana so ka canza. Ita ai ba don direba kaɗai aka yi ta ba, mai tafiya a ƙafa, mai keke, mai shiga bas ko jirgin ƙasa, mai neman shago da lokacin da yake buɗewa, duk nata ne. Akwai kuma wani abu da ta ƙaro tun 2021, ta fara shi a Amurka sannan ya bazu wasu ƙasashen: in hanyoyi biyu lokacinsu ya yi kusa, sai ta zaɓa maka wacce bata shan mai sosai ta sa mata alamar koren ganye. Mai yiwuwa ne ma minti 38 ɗin da ta baka ba ita ce mafi sauri a lissafinta ba, ita ce dai mai ganyen. Ka duba setin ɗinka, in abin yana kunne zaka gani, har irin injin motarka zaka iya faɗa mata, fetur ne ko dizal ko lantarki, don hanyar da ta fi wa dizal sauƙi ba lallai ita ce ta mai lantarki ba.

Tunda kai kaya kake kaiwa bari in ɗan ratse in baka labarin kamfanin UPS na Amurka, masu rarraba kaya gida gida. Can a hannun dama ake tuƙi, kenan mai kwanar hagu sai ya jira motocin da ke tahowa sun wuce kafin ya tsallaka. Su sai suka tsara hanyoyin motocinsu ta yadda direba zai guje wa yawancin kwanar hagu ko da zai ɗan ƙara zagaye, saboda jiran yana cin lokaci yana cin mai kuma a nan ake yawan yin karo. Wannan shi ne taran da nake faɗa maka, su sun sa wa kwanar hagu kuɗi mai yawa don sun san me take jawo musu. Waze ma tana da wani maɓalli a setin na guje wa mahaɗa masu wuyar tsallakawa, in ka kunna shi zaka ga halinta ya ɗan sauya.

Sai maganar gosulo, ta ina suke sanin titi ya cushe? Mutane da yawa sun ɗauka tauraron ɗan'adam ne yake leƙo motoci daga sama yana ƙirgawa. Ba haka ba ne, wayoyinmu ne. Wayar da take kan titi tana aika wa kamfanin inda take da saurin da take tafiya, in wayoyi da yawa a gutsure ɗaya suka koma tafiyar hawainiya sai a shafa wa wurin ja. Wani mai zane ɗan Jamus, Simon Weckert, ya nuna wa duniya haka a 2020: ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin kuran hannu duk ya kunna musu Google Maps ya dinga ja a ƙafa a titunan Berlin, titin fayau ba mota, amma a taswira sai ya koma ja wur kamar an yi mummunan cunkoso. Abin da zaka ɗauka a nan shi ne, idon manhaja yawan masu amfani da ita ne a inda kake. Google tana da wayoyin Android birjik ga masu Google Maps a iPhone, saboda haka kusan ko'ina tana da ido. Waze sai wanda ya buɗe ta yana tuƙi, amma mutanenta sun fi ƙoƙarin danna rahoto da hannu, ga hatsari, ga rami, ga mota ta lalace a gefe, ga an rufe hanya, sannan taswirar ma 'yan sa kai ne suke gyara ta, shi yasa a garin da take da jama'a in aka rufe titi da safe kafin azahar ta sani. A garin da bata da jama'a kuwa makauniya ce, zata baka lokaci da cikakken ƙarfin gwiwa alhali mota biyu ko uku kawai ta gani a layin.

Kuma ba abin da ke faruwa yanzu kaɗai suke kallo ba. In tafiyarka ta minti 40 ce, abin da ya dame su shi ne yaya wancan titin zai kasance nan da minti 30 lokacin da zaka iso shi, don haka sai su haɗa na yanzu da tarihin wurin, yadda ya saba kasancewa ranar Litinin ƙarfe 8 da yadda yake ranar hutu da yamma. Google da kansu sun faɗa cewa a 2020 da annobar korona ta hargitsa zirga-zirga, tsohon tarihin ya daina aiki, dole suka koma fifita na makonni 2 zuwa 4 da suka wuce. Kenan duk ranar da ta saɓa wa al'ada, ruwan sama mai ƙarfi, wani babban taro, hutun da ba a saba ba, hasashen kowacce rauni yake yi.

Yanzu mu dawo kan 34 da 38 ɗinku. Ni a wajena wannan ratar ba rata ba ce. Lambar da waya take nuna maka kirdado ne, danja ɗaya ta riƙe ka sau biyu minti 4 ɗin sun tafi, kuma ai ka gani da idonka kusan tare kuka isa. Abin da lambar bata nuna maka shi ne wace hanya ce ta fi iya ba da mamaki. Babban titi mai layi uku in mota ta mutu a gaba kaucewa ake yi a wuce, kuma wayoyi ɗaruruwa suna kai labarinsa kowane minti, kenan kirdadonsa ya fi kusa da gaskiya. Lungu kuwa tifa ɗaya ta tsaya sauke yashi ko wani ya yi fakin ba daidai ba, shikenan, ba gaba ba baya, kuma manhajar bata sani ba sai kai da ka maƙale ka zama mai ba ta labari. Saboda haka 34 ɗin lungu tana iya zama 30 tana iya zama 50, 38 ɗin babban titi da wuya ta yi nisa da 38. Mai kai kaya da ya yi wa kwastoma alƙawarin lokaci, tabbas ya fi masa amfani akan sauri.

Ga kuma abin da baya shiga lissafin kwata-kwata: taka burki da sakinsa, canjin giya, kulocin da yake ci, man da tsaya-tashi yake sha, kayan da ke bayan mota suna jijjiga a kan kowane tudun rage gudu, da gajiyar da ƙanenka ya faɗa da bakinsa. Gajiyar nan ba ƙaramin abu ba ce ga wanda zai wuni a sitiyari. Kuma wallahi abin da ya fi damuna shi ne yara. Layin unguwa ba don gudu aka yi shi ba, yaro zai fito da gudu daga bayan mota ba tare da ya duba ba, ga direba baƙo a layin, ido ɗaya a waya yana neman kwana ta gaba, zuciyarsa kuma tana son ya cika minti 34 ɗin da aka yi masa alƙawari. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle a nan ma ba shekara ba ce, minti 4 ne.

Wani abin kuma, lungun ba kai kaɗai aka nuna wa ba. Duk wanda yake bayanka da irin manhajar shi ma an nuna masa, sai ku ɗunguma gaba ɗaya ku cika layin da ba zai ɗauki mota 20 ba, gosulon da kuka gudo sai ya biyo ku. Akwai wani ƙaramin gari a jihar New Jersey ta Amurka, Leonia, yana dab da gadar George Washington da ake bi a shiga New York. Manhajojin nan suka dinga juyo masu gudun cunkoson gadar cikin layukan garin har mutane suka kasa fitowa da mota daga gidajensu da safe, a farkon 2018 hukumar garin ta hana baƙi bin tituna kusan 60 a lokutan cunkoso ta sa tarar dala 200. Kowane direba a cikinsu gani yake dabara ya yi, amma da aka haɗu duk an cuci juna an cuci masu unguwa.

Maganar abokinka mai iPhone. Da farko dai Apple Maps babu manhajarta a Android, in wayarka Android ce to komawa can yana nufin sayen sabuwar waya, kuma ban ga dalilin da zaka yi haka don taswira ba. Ta fito a 2012 da matsaloli masu yawa har shugaban kamfanin na lokacin, Tim Cook, ya rubuta wasiƙar ban haƙuri ya ce mutane su ɗan yi amfani da wasu kafin a gyara, har Waze ya ambata a ciki. A watan Disamban shekarar 'yan sandan Ostireliya sai da suka yi gargaɗi, saboda taswirar ta ajiye garin Mildura a tsakiyar wani daji kusan kilomita 70 daga inda yake, mutane suna bi suna maƙalewa cikin zafi ba ruwa. Amma adalci shi ne a faɗa cewa wannan tsohon labari ne, daga 2018 suka fara sake gina taswirar da bayanan da suka tattara da kansu, kuma a ƙasashen da sabuwar ta kai ta yi kyau ƙwarai. Ni ina son yadda take magana, maimakon ta ce nan da mita 300 sai ta ce ka wuce wannan danjar a ta gaba ka yi dama, kamar mutum yana zaune a gefenka, kuma wajen zaɓen hanya bata da rawar kai, ta fi kusa da Google akan Waze. Sai dai dokar ɗazu tana kanta ita ma, inda masu iPhone suke da yawa kuma Apple ya zuba aiki tana gani sosai, inda ba haka ba zaka samu layuka ba suna, shaguna babu, labarin gosulo kaɗan. Abokinka zai iya zama da gaskiya a inda yake bi, kai kuma ka gwada a naka wurin ka ga akasin haka.

Shi yasa in aka ce min wacce ta fi a duniya nake cewa tambayar sai an haɗa ta da a ina. A Chaina Amap da Baidu ake bi, a Koriya ta Kudu Naver da Kakao, a Rasha Yandex, kowacce ta fi ƙarfi a gidanta saboda nan take da taswira mai kyau da jama'a masu yawa. Da ɗan gari akan ci gari, manhaja ma haka.

Akwai raunin da duk suka yi tarayya a kai kuma shi ne mai haɗari. Taswira ta san akwai hanya, bata san halin da hanyar take ciki yau ba. A watan Yunin 2019 an yi hatsari a titin zuwa filin jirgin saman Denver a Amurka, Google Maps ta nuna wa mutane wata hanyar ratse, motoci kusan 100 suka bi, ashe hanyar ƙasa ce kuma an sha ruwa, na gaba suka kafe a taɓo na baya suka rasa wurin juyawa. Kowa ya ga na gabansa ya shiga sai ya ce ai lafiya. Don Allah in waya ta ce ka shiga, idonka kuma ya ga kwalta ta ƙare, ko ruwa ya rufe hanya, ko alamar wanwe, ko wurin bai kwanta maka ba musamman da dare, kar ka shiga, ka wuce kawai zata sake lissafi cikin daƙiƙa biyu, ba fushi take yi ba. Allon da hukuma ta kafa a titi da jami'in da ke ba da hannu suna gaba da duk abin da waya ta faɗa. Kuma in wata rana ka koma babbar mota, ka sani Google Maps da Waze da Apple Maps duk lissafin ƙaramar mota suke yi, basu san tsayin motarka ko nauyinta ba, za su iya kai ka ƙarƙashin gadar da ba zaka wuce ba. Masu tirela akwai nasu daban irin su Sygic Truck da CoPilot da ake shigar musu da tsayi da faɗi da nauyi.

Baka tambayi data ba amma na san zata taso. Sanin inda kake baya buƙatar data, GPS saurare kawai waya take yi daga taurarin ɗan'adam da ke sama da mu da kusan kilomita 20,000, in ta ji huɗu ta gano wurinta, a fili kuskuren bai fi 'yan mitoci ba, kuma wayoyin yanzu suna haɗawa da na Rasha da na Turai da na Chaina. Tsakanin dogayen gine-gine ne ko ƙarƙashin gada zaka ga ɗigon yana tsalle. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar da labarin gosulo. Google Maps tana bari ka sauke taswirar yanki ka ajiye, Apple ma ta kawo haka a 2023, in sabis ya ɗauke za su ci gaba da kai ka amma ba labarin cunkoso. Waze ita sai da intanet, hanyar da ta riga ta ɗauko kawai take riƙewa, in ka kauce a inda ba sabis sai ta rikice. Don tafiya mai nisa ina ba da shawarar mutum ya ajiye ɗaya daga cikin masu aiki ba intanet, HERE WeGo ko OsmAnd ko Organic Maps, biyun ƙarshen suna amfani da OpenStreetMap ne, taswirar da jama'a suke zanawa kyauta tun 2004, kuma a wasu ƙauyukan ta fi ta manyan kamfanoni cika.

Toh in ni ne kai ga yadda zan yi. Google Maps ta zama ta kullum, saboda aikinka neman adireshi ne da ƙofar shago da gidan da baka taɓa zuwa ba, a nan ta fi Waze nesa. Waze in ajiye ta don ranar da babban titi ya tsaya cak, hatsari ko an rufe hanya, inda ratar ba minti 4 ba ce minti 20 ce ko 30, nan kam zafin namanta yana da rana, in dai tana da jama'a a garinku. Ka gane hakan cikin sauƙi, in ka buɗe ta kana ganin rahotanni sababbi na 'yan mintuna da suka wuce to tana da rai a wurin, in shiru ne kullum to kar ka dogara da ita. Kuma ni ƙa'idata, bana barin babban titi in shiga unguwa sai ribar ta kai kamar minti 10, kai ma ka sa wa kanka taka gwargwadon motarka da kayan da kake ɗauka.

Kafin komai ma ku zauna da ƙanenka ku haɗa setin ɗinku, don sau da yawa rigimar daga nan take: wani ya kunna guje wa tolget wani bai kunna ba, wani ya hana hanyar da ba kwalta wani ya bari, wani ma wayarsa tana kan babur ne bai lura ba. In kun daidaita su sai ku yi gwaji na sati biyu a hanyoyin da kuka saba bi. Kafin ka tayar da mota ka buɗe duka biyun ka rubuta lokacin da kowacce ta yi alƙawari, ka bi ɗaya, in ka isa ka rubuta lokacin da ka ci, gobe ka bi ɗayar. Kar ka kalli wacce ta faɗi ƙaramar lamba, ka kalli wacce take cika abin da ta faɗa. Duk wannan duba-duban a tsaye za a yi shi, in mota ta fara tafiya waya ta hau mariƙinta a gaban gilashi, a kunna murya, hannu ya koma sitiyari.

In kun gama gwajin ka turo min abin da kuka samu, ina so in ga wacce ta fi cika alƙawari a wajenku. Allah ya tsare hanya, ka gaida ƙanen naka.